Ɗumama Ɗakin Baƙo Lokacin Hunturu

Daga Wakilinmu

Da zarar hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi a Kano da Zariya kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, a Jos kuwa sanyin ya fi haka tsanani. A lokacin ne 'yan'uwa ke zuwa hutu da bukukuwan aure, maigida ya shiga tunanin inda baƙonsa zai kwana.

A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18 lokacin sanyi, kuma tsofaffi da yara da marasa lafiya suna iya bukatar fiye da haka. Saboda haka ɗakin da ya yi maka daidai mai yiwuwa ne bai yi wa dattijon baƙonka ba, kunya kuwa ba za ta bari ya faɗa ba.

Sai dai garin neman ɗumi ake faɗawa babban haɗari, wato kwana da kaskon wuta. Gawayi mai ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba, marar wari, marar launi. Ciwon kai da jiri ne alamunta na farko, mai barci kuwa yana iya rasuwa bai farka ba.

Abin da ya kamata shi ne a ɗumama ɗakin da yamma taga na buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, a shimfiɗa darduma a kan siminti, a ƙara bargo. Da asuba kuma a kai wa baƙo ruwan ɗumi na alwala.