Shagon da Firij Ya Fi Kyamara Muhimmanci: Yadda Ake Sayar da Kayan Hoto Kafin Zuwan Wayar Hannu

Buɗe kyamarar wayarka ka shiga sashen Pro. Za ka ga ISO, ka ga wurin daidaita kala. Yau da yatsa kake murza su kyauta. Shekaru talatin da suka wuce kuwa, kowane ɗaya daga cikinsu haja ce a kan kanta, sai mai hoto ya taka har shago ya biya kuɗi.

A zamanin fim, wato wannan zirin leda mai ɗauke da sinadarin azurfa da ake sa wa kyamara, ISO a jikin kwali yake. Mai ɗaukar hoto da rana tsaka ya sayi ISO 100, mai aiki a inuwa ya nemi 400. Haka ma kala: akwai fim ɗin hasken rana, akwai na hasken kwan lantarki. In ka yi kuskuren ɗaukar hoton ɗaki da na rana, kowa zai fito ruwan ɗorawa. Naɗi guda na fim mai faɗin milimita 35 hoto 24 ko 36 yake ci, kuma ba ka ganin ko ɗaya sai an wanke.

Me firij yake yi a shagon kyamara?

Wannan shi ne babban abin da ya raba shagon ƙwararru da na gama-gari. Fim abu ne mai lalacewa, zafi yana sauya masa kala. Kamfanin Kodak ya kan ba da shawarar a ajiye fim ɗin ƙwararru mai kala a sanyin da bai haura digiri 13 a ma'aunin Salsiyos ba. Saboda haka mai shago yana sayar da shi ne kamar mai sayar da madara: a firij, ido na kan ranar ƙarewar wa'adi. Wanda ya wuce lokacinsa sai a karya masa farashi.

Akwai kuma lambar zubi da ake bugawa a jikin kwali. Fim iri ɗaya daga zubi biyu kan ɗan bambanta a kala. Mai ɗaukar hoton tallar tufafi ba zai yarda jar riga ta fito iri biyu a shafi ɗaya ba, don haka sai ya gwada naɗi guda, in ya yi masa, ya ce a ware masa sauran masu wannan lamba. Mai shagon da ya iya riƙe wannan amana, shi ke riƙe abokin ciniki.

Ina ribar take?

Kyamarar Nikon ko Hasselblad sau ɗaya ake saya a yi shekaru ana aiki da ita, kuma gasa ta sa ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke ciyar da shago shi ne kayan da ke ƙarewa: fim, takardar buga hoto, sinadaran wanki, batura, da fim ɗin Polaroid da ƙwararru ke gwada haske da shi kafin su ɗauki na gaske. Ga hayar fitilu da gilasan kyamara masu tsada, ga bashin da ake bai wa manyan ɗakunan hoto su biya a ƙarshen wata.

Harkar tana da nata haɗarin. A watan Janairun 1980 farashin azurfa ya kusa kai dala 50 kowane oza, kuɗin fim da takarda suka tashi, tun da duka da azurfa ake yin su.

Dole kuma mai tsaron kanta ya san aikin. Idan mai hoto ya dawo da dodon hoto ya yi duhu, shi zai duba ya gane ko laifin kyamara ne, ko na wanki, ko na mai ɗaukar. Hoton ɗaurin aure in ya ƙone, ba a sake taron.

Yadda kasuwar ta watse

Abin mamaki, a cikin Kodak aka haifi abin da ya kashe cinikin. A 1975 injiniyanta Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital mai megapiksel 0.01, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Da dijital ta kankama bayan shekarar 2000, mai zuwa shago duk mako sayen fim ya koma sayen katin memori guda ya yi ta gogewa yana sake ɗauka. Kodak ta daina yin fim ɗin Kodachrome a 2009, ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi a 2012. Calumet, shagon ƙwararru da aka kafa a Chicago a 1939, ya rufe rassansa na Amurka a watan Maris na 2014.

Amma ba duka suka mutu ba. B&H na birnin New York, wanda ya fara da ɗan ƙaramin shago a 1973, ya faɗaɗa zuwa kayan bidiyo, sauti da kwamfuta, ya kuma rungumi ciniki ta intanet. Har yau yana nan, kuma har yau yana sayar da fim.

Idan kana sayar da caja, kati ko gilashin kare fuskar waya, ga tambayar da masu shagon fim suka makara ba su yi wa kansu ba: wace haja ce ke dawo da mutane shagonka duk mako, kuma me za ka sayar musu ranar da suka daina buƙatarta?