Cire tamostat daga mota: ina gaskiya, ina ƙarya?

Da zarar an shiga watan Maris a Bauchi, zafi ya fara kai maki 38 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, sai tsohuwar magana ta dawo bakin direbobi da makanikai. A tashar Muda Lawal, a garejin unguwa, har ma a majalisar hira, za ka ji ana cewa motar da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka ba ta da lafiya a ƙasarmu sai an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye. Wasu ma ranar da suka sayi 'yar Kwatano suke kai ta a yi mata wannan aiki. Maganar ta haɗa gaskiya da ƙarya a kwano ɗaya, shi ya sa take da wuyar mutuwa.

Tamostat ɗan ƙaramin bawul ne da ke tsakanin inji da lagireto, bai cika tafin hannu ba. A cikinsa akwai kakin da ke kumbura idan ya ji zafi. Muddin inji yana da sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa na zagaya cikin inji kawai don ya ɗumama da wuri. Idan ruwan ya kai zafin da aka tsara, galibi tsakanin maki 80 da 92, sai kakin ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Ana buga wannan lamba a jikinsa, misali 82 ko 88.

Magana ta farko: don ƙasashen sanyi aka yi shi

Wannan ƙarya ce. Injin motar zamani an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai kusan maki 90 zuwa 105. Ko a tsakiyar Afrilu, iskar Bauchi ba ta kai rabin wannan ba. Saboda haka inji yana bukatar ya ɗumama a nan kamar yadda yake bukata a Jamus, bambancin kawai a nan ya fi saurin kaiwa. Duk wanda ya je aikin hajji a lokacin bazara ya san zafin Makka ya fi namu, amma sababbin motocin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke fitowa daga kamfani. Kuma kada a manta da hunturu: a Disamba da Janairu, asubahin Bauchi na sauka ƙasa da maki 15, na Jos kuwa ya fi haka sanyi.

Magana ta biyu: idan aka cire shi, mota ta daina zafi

Nan ne aka fi ruɗuwa, don akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Idan tamostat ya lalace ya maƙale a rufe, ruwa ba zai isa lagireto ba, allura ta haura ja cikin 'yan mintoci. Bakanike ya cire shi, zafi ya sauka, mai mota ya yi godiya. A irin wannan hali, cirewar dabara ce ta gaggawa, misali a ce abin ya same ka tsakanin Nabardo da Toro, ba shagon kayan gyara kusa. Laifin na tamostat ɗin da ya mutu ne, kuma maganinsa a sa sabo idan an iso gari.

Amma sau da yawa tamostat lafiyarsa ƙalau, ciwon yana wani wuri. Ƙurar hunturu da ƙwari sun toshe gaban lagireto, ko tsatsa ta cushe hanyoyin cikinsa, ko famfon ruwa ya cinye, ko murfin lagireto ya saki, ko fanka ba ta tashi, ko gasket ya fara ƙonewa. Cire tamostat kan ɓoye waɗannan na ɗan lokaci, musamman a zirga-zirgar cikin gari. Ranar da aka cika Hiace ko Sharon da fasinja da kaya aka kama hawan Jos, daga tsayin mita 600 da 'yan kai a Bauchi zuwa kusan mita 1,200, ranar asiri ke tonuwa. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. A injuna da yawa, tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa. Lokacin da ya buɗe hanyar lagireto, wannan faifai ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. Idan aka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji ba tare da ya ga lagireto ba. Irin wannan mota cirewar ma na iya ƙara mata zafi.

Magana ta uku: inji mai sanyi ya fi daɗewa

Ita ma ƙarya ce, kuma ita ce ta fi taɓa aljihu. Ƙwaƙwalwar mota tana karanta zafin ruwa ta wata 'yar na'ura. Idan ta ga inji bai ɗumama ba, sai ta ƙara masa fetur, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci da babura. Motar da ba ta da tamostat tana daɗewa a wannan hali, wani lokaci duk tsawon tafiyar safe. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana baƙanta fulogi, yana wanke man da ke jikin silinda, yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi. Danshin da ya kamata zafi ya kora kuma ya zauna cikin man ya zama kitse-kitse. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai motar haya.

Magana ta huɗu: haɗa fanka kai tsaye ya fi aminci

Gaskiyar da ke ciki ita ce, idan na'urar da ke tayar da fanka ta mutu, haɗin kai tsaye zai kai ka gida. A matsayin gyara na dindindin kuwa, ba shi da kyau. Fanka a cunkoso take da amfani, kamar a kewayen kasuwar Wunti da yamma. A kan babbar hanya, iskar gudu ta ishi lagireto. Fankar da ke juyawa daga tayar da mota har kashe ta tana saurin mutuwa, tana ɗora wa batir da altaneta nauyi. Aikin ɗan rewaya ne ya duba fiyus da rile da na'urar, ya canza wanda ya lalace.

Magana ta biyar: cire kan batir yana daidaita tamostat

Ƙarya ce. Cire kan batir na iya kashe fitilar gargaɗi a motoci da yawa, amma tamostat kaki ne da sifirin, ba shi da abin tunawa balle a goge. Motocin Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Idan ta nuna lamba P0128, ma'anarta ruwa bai kai zafin da ya kamata ba, wato galibi tamostat ya maƙale a buɗe ko babu shi ma. Goge lambar ba ya hana ta dawowa.

Magana ta shida: ruwan rijiya ya wadatar

A gaggawa, ruwa ya fi babu. Amma ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da ma'adinan da ke daskarewa cikin lagireto, yana kuma kawo tsatsar da ke kashe tamostat da famfo. Ruwan kulant yana da sinadarin hana tsatsa, kuma ya fi ruwa zalla jinkirin tafasa.

Yadda za ka gwada da kanka

Da safe, kafin mota ta tashi, ka buɗe bonet ka gano tiyon da ke manne da gidan tamostat. Ka tayar da mota, ka nisanta hannu da riga daga fanka da bel. Tamostat mai lafiya zai bar tiyon da sanyi na wasu mintoci, sannan ya yi zafi kusan lokaci guda. Idan tun farko tiyon yana ɗumama sannu a hankali, kuma allura ba ta kai inda ta saba tsayawa, tamostat a buɗe yake ko an cire shi. Idan allura na hawa tiyo kuwa yana nan da sanyi, ka kashe mota nan take: a rufe ya maƙale.

Idan an ciro shi, a sa shi cikin tukunyar ruwa a ɗora a wuta. Ya kamata ka ga bakinsa ya fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe bayan ya huce. Wajen sa sabo, a nemi mai lamba irin ta tsohon, a sa sabon robar bakinsa, a juya 'yar hudar iskar da ke gefensa sama idan yana da ita, sannan a fitar da iskar da ta shiga hanyar ruwa. Kada a taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, don ruwan ciki a matse yake, ya kuma iya wuce maki 100, yana iya tsiri ya ƙone fuska.

Mai mota, idan aka ce za a cire maka tamostat, ka nemi a gwada shi a gabanka. In ya mutu, a canza shi. In yana da rai, a mayar da shi a nemo ainihin ciwon, domin kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin gasket ba, balle na sabon inji.