Ana Sayar da Fastanci, Dattawa Ku Farka

Ana sayar da fastanci a ƙasar nan, kuma kasuwar tana ci. Da can sai a manyan biranen Kudu ake jin labarinta. Yanzu tallarta na yawo a WhatsApp da Facebook, kuma duk inda waya ta kai ita ma ta kai: Tambuwal, Kebbe, Fakku, har ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Ka biya kuɗin fom, ka zauna darasi ranakun Asabar na wata uku ko shida, wani lokaci ma ta waya kawai, sai a kira ka bikin yaye ɗalibai. A ɗakin taron wani otal za a ba ka aron doguwar riga da hula mai tuntu, mai hoto ya ɗauke ka, a miƙa maka takarda mai hatimin ruwan zinariya, wai ka yi digiri a ilimin tauhidi. In ka ƙara kuɗi ka fito da "Dakta". In ka ƙara kuma, a ɗora maka hannu a ce ka zama Bishop, alhali ko jana'iza ɗaya ba ka taɓa jagoranta ba.

Kada wani ya ce ana zuzutawa. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta sha fitar da jerin jami'o'in bogi. To in an iya sayar da digirin da gwamnati ke sa wa ido, ina ga takardar fastanci, wadda a ƙauye ba wanda ke tambayar inda ta fito?

Abin ya fi muni a wuri irin Fakku. A kudancin Sakkwato masu bi 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Majami'a ɗaya, iyalai ƙalilan, fasto ɗaya. Shi ne mai ɗaura aure, shi ne mai binne mamaci, shi ake tasa cikin dare in naƙuda ta yi gardama, shi ne kuma zai durƙusa gaban hakimi in an yi saɓani a kan gona ko rijiya. Dole ya san abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi, ya san maganar da ake faɗa a bagade da wadda ake haɗiyewa, ya san lokacin da ake rage ƙarar lasifika. Zaman lafiyar da dattawa suka yi shekaru suna ginawa da gaisuwa da ziyarar ta'aziyya da musayar abincin Salla da na Kirsimeti, yaro ɗaya mai zafin kai da takardar wata uku yana iya rushe shi da wa'azi guda. Shi zai hau mota ya koma inda ya fito. Waɗanda gonakinsu da kaburburan iyayensu ke nan su ne za su zauna da abin da ya bari.

Sai kuma ɓarnar da irin wannan fasto yake yi a cikin gida. Wanda bai koyi karanta aya tare da abin da ke gabanta da bayanta ba, zai ciro rabin jimla ya mai da ita doka. Daga nan ake samun kwalbar man zaitun da aka sa wa farashi, da "shuka iri" a hannun fasto kafin a yi maka addu'a, da annabcin da ke nuna tsohuwar gida a ce ita ce mayyar da ta kama yaro, da mai hawan jini da aka ce ya ajiye magani don shan magani rashin bangaskiya ne. A Kenya an ga inda wannan hanya ke ƙarewa. A 2023 aka tono gawawwaki sama da 400 a dajin Shakahola, na mabiyan Paul Mackenzie, tsohon direban tasi da ya naɗa kansa fasto, ya ce su yi azumi har mutuwa. Akwai yara da yawa a cikinsu.

Iyayenmu ba haka suka yi ba. Tun da aka kammala Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, makarantun Littafi na Hausa su ne suka riƙe ikilisiyoyin karkara: Tofa kusa da Kano, Tsibiri kusa da Maraɗi, Tungan Magajiya a hanyar Zuru. Mutum ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya tare a makaranta shekaru, yana karatu yana noma abin da za su ci, matar ma tana nata ajin. Malamai suna ganin yadda yake magana da iyalinsa, yadda yake biyan bashi, yadda yake yi in an ɓata masa rai. Wannan sa idon shi ne rabin horon, kuma ba a yin sa ta waya. Ga mai neman digiri, akwai TCNN ta Bukuru da aka buɗe a 1959, akwai JETS a Jos tun 1980, akwai makarantar ECWA ta Kagoro, da ta Anglikan a Wusasa. Ɗan Katolika kuwa sai ya yi shekara takwas ko fiye kafin ya zama Fada. Marigayi Byang Kato na Kwoi, wanda ya rasu a 1975, ya yi ta kira a kafa ma'aunin tantance makarantun tauhidi a Afirka, kuma shekara ɗaya bayan rasuwarsa aka kafa ACTEA don wannan aiki.

Na san amsar da ake bayarwa: ai Bitrus masunci ne, Ruhu ne ke koyarwa. Gaskiya ne masunci ne, amma shekara uku ya yi yana bin Ubangijinsa dare da rana, ana tsawata masa, ana gyara shi. Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, ya hana a ɗora sabon tuba a kan shugabancin ikilisiya, ya hana gaggawar ɗora wa mutum hannu. Kira daga Allah yake, ba na musu. Amma wanda aka kira da gaske ba ya gudun zama a gaban malami.

Laifin ba na samari kaɗai ba ne. Yaro ya gama sakandare, yana da himma, ubansa manomi ne, kuɗin shekara huɗu a Jos ya fi ƙarfin rumbunsu. Ikilisiya ba ta ce masa komai ba, sai mai talla ya zo da sauƙi. Mu kuma muna miƙewa tsaye don mai "Dakta", muna barin tsohon mai bishara da ya yi shekara talatin a ƙauye da keke a benci na baya. Yara suna kallo, kuma sun gane abin da muke girmamawa.

Saboda haka, dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata, kafin ku bar baƙo ya hau bagade, ku tambaye shi: wace makaranta ka yi, shekara nawa, wa ya tantance ta, wace ɗariƙa ta keɓe ka, wa zai hore ka in ka yi laifi? Ku buga waya zuwa makarantar ku ji da kunnenku. In ya fusata da tambaya, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi tasha. Iyaye kuma, kada ku sayar da buhun gero ko ɗan bijimi ku tura kuɗi wata makaranta sai kun nuna wa faston gunduma sunanta. In akwai yaro a cikinku da kuka ga alamar kira a tare da shi, ku ware masa kaso daga baikon kaka tun bana, ku rubuta wa hedkwatar ɗariƙarku ta ƙara, ku tura shi inda zai zauna shekarunsa cif, da sharaɗin ya dawo gida ya yi hidima.