Daga gyaran lakwal zuwa ƙera kayan hasken rana: tafarkin Abdu Mumuni da abin da yake nuna mana game da kwarin Komadugu

Wannan maƙala za ta duba wata tambaya da ake yawan kawo wa malaman jami'a a ƴan shekarun nan, watau ko mutumin da ya soma aikinsa da neman gyara tsarin ilimi yana iya ƙarewa a ƙera kaya da sayar da su ba tare da ya yi watsi da aƙidarsa ta farko ba. Galibi in an tashi ba da misali sai a nufi Amurka ko Legas. A ganinmu misalin da ya fi kusa yana nan gida, shi ne Farfesa Abdu Mumuni Jofo, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992.

An haife shi a Tasawa a 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty ta Senegal, sa'an nan ya wuce Paris, inda a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin fizik, abin da babu wani ɗan Afirka baƙar fata daga ƙasashe renon Faransa da ya riga shi yi. Ya koyar a lise a Dakar, a Konakiri da Yamai. A 1964 ya fitar da littafinsa L'éducation en Afrique a maɗaba'ar Maspero, aka fassara shi da Ingilishi a 1968.

Jigon littafin ba shi da wuyar faɗi. Tarbiyyar gargajiya, duk da iyakokinta, tana haɗe da aiki: yaro yana koyo a gona, a maƙera, a bakin kogi, kuma da harshen da ya tashi da shi. Lakwal ta Turawan mulki kuwa an kafa ta ne domin samar da magatakarda, tafintoci da ƙananan ma'aikata, saboda haka ta raba ɗalibi da harshensa, ta kuma raba shi da aikin hannu. Marubucin ya nemi a koyar da harsunan Afirka, a yi yaƙi da jahilci tsakanin manya, a kuma sa kimiyya da fasaha cikin karatun kowa. Kaɗan daga cikin wannan ya samu shiga a Nijar: a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara Zabarmanci, Barbarci, Fulatanci da Buzanci, kuma dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Sai dai makarantun sun daɗe suna amsa sunan gwaji, abin da shi kansa ya isa bayani.

A shekarar da littafin ya fito, mai shi ya riga ya juya ga wani aiki. Bayan zaman bincike a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako a 1964, kuma daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL. A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma ya riƙe shugabancin jami'ar Yamai, daga 1979.

A nan ya kamata a yi hattara da kalmomi. Abdu Mumuni bai zama ɗan kasuwa mai zuba jarinsa ba. ONERSOL ofishin gwamnati ne. Amma ofishin bai tsaya ga bincike da rubuta rahoto ba. Yana da ma'aikatar ƙira, kuma ana sayar da abin da aka ƙera: na'urar dafa ruwa, tukunyar girki da rana, na'urar tace ruwa da ta busar da amfanin gona. Duk wanda ya shiga wannan hanya dole ya fuskanci abin da ɗan kasuwa yake fuskanta, watau kuɗin ƙarfe da gilashi, albashin maƙera, da neman mai saye. Wannan ne ya sa muke ɗaukar tafarkinsa a matsayin misali.

Abin lura shi ne irin fasahar da ya fi dogara a kai. Akwai hanyoyi biyu na cin moriyar rana. Ta farko ita ce a kama zafinta. A na'urar dafa ruwa, ana shimfiɗa farantin ƙarfe mai baƙin fenti cikin akwati, a rufe da gilashi, a bi da bututu a jikinsa. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau da kansa zuwa tankin da aka ɗora a sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, ba tare da inji ko lantarki ba. Hanya ta biyu ita ce a mai da haske lantarki kai tsaye da faifan silikon. Ta farko maƙerin Yamai yana iya yin ta, ya kuma gyara ta in ta lalace. Ta biyu tana bukatar masana'antar da ƙasar ba ta da ita. Muna ganin zaɓin nan ci gaba ne na hujjar littafin 1964: fasahar da ɗan ƙasa zai fahimta, ya ƙera da hannunsa. Mai gyaran lakwal bai sauya ra'ayi ba, wurin gwada ra'ayin ne ya sauya.

To me ya sa wannan ƙira ba ta zama babbar masana'anta ba? Na farko, masu bukatar ruwan zafi a famfo kuma masu iya biya ba su da yawa, akasari asibitoci, otal da gidajen manyan ma'aikata. Na biyu, kayan ƙirar daga waje suke zuwa, ta tashar jiragen ruwan da take nesa da Yamai da kimanin kilomita dubu. Na uku, faɗuwar kuɗin yuraniyom a farkon shekarun 1980 da tsuke bakin aljihun gwamnati da ya biyo baya sun rage wa ofisoshi irin wannan ƙarfi. Abdu Mumuni ya rasu a 1991. Daga baya kuma faifan lantarki ya yi araha ƙwarai: tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100, saboda masana'antun Sin. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta 2018 da ta Goru Banda mai megawat 30 ta 2023 duk da faifan waje aka gina su. Hasashensa game da rana ya tabbata, amma ta hanyar da ba mu ke ƙera ta ba.

Kwarin Komadugu wuri ne da ya dace a auna wannan. Arzikin kwarin, daga Difa zuwa Boso, ya dogara da tattasai da ake nomawa da ban ruwa, ana busarwa, ana kai wa kasuwannin Nijeriya, kuma ban ruwan da injin fetur ake yin sa. Bayan harin 6 ga Fabrairu 2015 a Boso da Difa an kafa dokar ta-ɓaci: aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi na wani lokaci, aka taƙaita sayen mai da takin zamani. Makarantu da yawa na bakin kogi suka rufe. Mutanen Barwa, kusa da tafkin Cadi, sun bar garinsu shekaru, sai a Yuni 2021 gwamnati ta soma mai da su, kuma a Agusta na shekarar aka kai hari wurin, sojoji 16 suka rasu.

Ga manomin da ya ga an hana shi mai, famfon da yake aiki da rana yana da fa'idar da ba sai an yi masa dogon bayani ba: babu jarka, babu takardar izini, kuma ranar da take faɗa wa murabba'in mita ɗaya a Nijar tana kai kilowat-awa 5 zuwa 7 kowace rana. Matsalar tana bayan saye. Kuɗin farko ya fi na injin fetur nesa, kuma in akwatin sarrafa wuta ya ƙone ko yashi ya ci famfon, makanikin da ya saba da fistan da fulogi ba lalle ya san inda zai taɓa ba. Takardar bayanin na'urar da Faransanci ko Ingilishi take zuwa, alhali manomin Barbarci yake yi a gida, Hausa a kasuwa. Watau tambayoyi biyu na Abdu Mumuni, ta harshe da ta aikin hannu, sun sake haɗuwa a bakin rijiya ɗaya.

Saboda haka muke ganin cewa malamin da yake son shiga wannan sana'a a jihar Difa ba shi da dalilin yin gogayya da masana'antun Sin wajen ƙera faifai. Gurbin da yake buɗe shi ne na girkawa, gyara, ajiye kayan canji a Difa ko Maine-Sorowa, da horar da samarin da rufe makarantu ya yanke wa karatu. Jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014 kuma ta karkata ga aikin gona da muhalli, tana da hannu a nan, haka ma sassan nazarin harsuna irin namu, domin kafin a koyar da gyaran famfo da Barbarci ko Hausa sai an daidaita sunan kowane sashe nasa a rubuce.