Samar da Lantarki Daga Hasken Rana a Harabar Makaranta

Hasken rana yana cikin ni'imomin da ƙasar Hausa ba ta rasa ba, sai dai an daɗe amfaninsa bai wuce shanyar hatsi da tufafi da kilishi ba. Mayar da shi wutar lantarki kuwa ba tsohon abu ba ne. A shekarar 1954 ne masana a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka suka ƙera farantin silikon na farko mai amfani, wanda bai iya mayar da fiye da kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa ba. Farantan yanzu sukan kai kashi 20, wasu har su haura.

Farantin sola ya ƙunshi ƙananan gidaje na silikon, wato wani sinadari da ake tacewa daga yashi. Idan haske ya sauka a kansu, sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarkin da ke ciki, su bi waya. Abin lura a nan shi ne, haske faranti yake buƙata, ba zafi ba. Jama'a da dama suna zaton tsananin zafin bazara ne ke ƙara wuta, alhali kuwa da zarar zafin faranti ya haura digiri 25, ƙarfinsa yakan fara raguwa. Wutar da ke fitowa irin ta batir ce, mai bin hanya ɗaya, don haka sai ta bi ta na'urar inbata kafin fanka ko kwamfuta su iya amfani da ita.

Makaranta ta dace da wannan tsari, domin tana da fili da faffaɗan rufi, kuma akasarin ayyukanta da rana ake yin su. Matsalar tana tasowa ne bayan faɗuwar rana, lokacin da ɗalibai ke neman haske a ɗakunan kwana da na karatu, musamman idan jarrabawa ta matso.

Kwalejin Butte, wata kwalejin al'umma a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta bi hanya mai sauƙi. A 2011 farantanta sun kai kimanin 25,000, har aka bayyana ta a matsayin kwaleji ta farko a ƙasar da za ta iya samar da lantarki fiye da buƙatarta. Rarar da ta samu da rana takan tura ta babban layin wuta, da dare kuma ta karɓa daga can. Ke nan babban layin ya zame mata rumbu. Amma wannan dabara ba ta yiwuwa sai inda wutar layi ta tabbata dare da rana.

A Nijeriya, inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, dole makaranta ta gina nata rumbun. Tashar Jami'ar Bayero ta Kano misali ce. A watan Satumba na 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe ta, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. An kafa mata faranti 10,680 masu ƙarfin megawat 3.5, da tarin batura don dare, da kuma janaretocin dizal na ko-ta-kwana.

Batura su ne inda gizo ke saƙa. Faranti yakan yi shekara 25 yana aiki, amma batirin dalma ba kasafai yake wuce shekara 5 ba, na litiyam kuma ya kai wajen 10. Makarantar da ta karɓi sola kyauta ba ta ware kuɗin sauya batura a kasafinta ba, duhu ta jinkirta kawai. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda kan lulluɓe faranti ta tare haske. Maganinta ruwa ne da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, aikin da malami zai iya rabawa ɗalibansa kamar yadda ake raba sharar aji.