Tsohuwar Jidda da Alhazanmu Ke Tsallakewa

Kowace shekara maniyyata daga Unguwar Kanawa kan bi ta sansanin alhazai na Mando su tashi zuwa ƙasa mai tsarki, amma in ka tambaye su labarin Jidda bayan sun dawo, ba ya wuce filin jirgi da awon kaya da cinikin tsaraba. A ganina wannan asara ce, domin a tsakiyar birnin akwai tsohon gari, Al-Balad, wanda duk mai son sanin yadda kakanninmu suka yi Hajji ya kamata ya taka. Tun shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usman bin Affan ya mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka. Mutanenmu da suka yi shekaru a hanya ta Chadi da Sudan, suna noma da ƙodago don neman guzuri, a nan suke sauka in sun haye Bahar Maliya. Waɗansunsu ba su koma gida ba, jikokinsu na can har yau.

Ginin kansa abin kallo ne. Benaye ne masu hawa uku zuwa biyar, da duwatsun murjani da aka haƙo daga gaɓar teku, an gitta katako tsakanin sahu-sahun dutsen don kada bango ya tsage. Tagoginsu na katako, waɗanda ake kira rawashin, sun turo kai bisa lungu, an sassaƙa musu ƙananan huji, iska na shiga, matan gida na hangen mai wucewa shi kuwa ba ya ganin su. Akwai Gidan Nassif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a 1925, ga Masallacin Shafi'i, ga kasuwar Alawi. Unguwannin ma sunayensu na ba da labari, kamar yadda namu na Kanawa ke faɗin waɗanda suka kafa ta: Haratus Sham tana arewa, ta fuskanci Sham, Haratul Yaman tana kudu. An rushe ganuwar garin a 1947, amma an sake gina Ƙofar Makka, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Wani zai ce, ai ibada ta kai mu, ba yawon buɗe ido ba. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa zuwa Al-Balad na cikin ayyukan Hajji ko yana da lada na musamman. Sai dai alhajin da ya iya ɓata yini guda yana taya dardumar salla da agogo bai rasa sa'a biyu ba. Wani kuma zai kawo maganar takunkumin bizar Hajji da tsarin jigilar hukumar alhazai, wanda ba ya barin mutum ya yi gaban kansa. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, amma bai hau kan masu Umara ba, musamman tun da jirgin ƙasan Haramaini ya fara aiki a 2018 yana tsayawa a Jidda.

Akwai kuma dalilin hanzari. Daga 2021 hukuma ta rushe unguwanni da dama a kudancin birnin, har da Karantina inda Hausawa suka daɗe suna zaune. Al-Balad ta tsira, ana gyara ta, amma tsofaffin da za su nuna maka inda mutanenmu suka zauna sun watsu zuwa wasu unguwanni.