Lauyoyin da Aka Yafe wa Komawa Aji

A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, lauya ba ya sallama da littafi don kawai ya sami lasisi. Duk shekara uku sai ya nuna wa hukumar lauyoyin jihar cewa ya yi awa 25 yana ƙaro ilimi, huɗu daga ciki a kan ɗa'ar aiki. Wanda ya yi biris, a dakatar da shi daga aikin lauya har sai ya cike giɓin.

Jihar Minesota ce ta fara wajabta irin wannan karatu a 1975, mafi yawan jihohi kuma suka bi sahu. Hujjar ita ce dokoki suna sauyawa kullum, lauyan da ya tsaya a kan karatun jiya zai iya jefa wanda yake karewa cikin asara. A Nijeriya ma, dokokin ɗa'ar aikin lauya na 2007 sun ɗora wa masu aikin irin wannan nauyi a ƙarƙashin ƙungiyar lauyoyin ƙasar, NBA.

Sai dai a Kalifoniya an ware waɗansu an yafe musu: zaɓaɓɓun jami'an jihar, cikakkun malaman makarantun koyon shari'a, ma'aikatan gwamnatin jiha da na tarayya, da kuma, a farkon lamarin, alƙalan da suka yi ritaya.

Wannan rangwame ne ya tsone wa wani lauya mai suna Lew Warden ido. Ya ƙi zuwa karatun, aka dakatar da shi, shi kuwa ya garzaya kotu. Kukansa shi ne an yi 'yan bora da 'yan mowa. Me ya sa ɗan majalisa ko tsohon alƙali zai karɓi shari'ar mutane ba tare da ya zauna a aji ba, alhali shi an tilasta masa?

A 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya, ta ce wariyar ta saɓa wa tsarin mulki. Murnarsa ba ta daɗe ba. A 1999 Kotun Ƙolin jihar ta soke wancan hukunci, bisa dalilin cewa ba kasafai waɗanda aka yafe wa suke wakiltar mutane a shari'a ba, kuma aikinsu na yau da kullum yana sa su san halin da doka take ciki. Biyu daga cikin alƙalan kotun ba su yarda da hakan ba.

Duk da Warden ya sha kaye, ƙurar da ya tayar ta kai zauren majalisa. A shekarar ta 1999 'yan majalisar jihar suka rage karatun daga awa 36 zuwa 25, suka kuma cire tsofaffin alƙalai daga jerin masu rangwame. Su kansu zaɓaɓɓun jami'ai suna nan cikin jerin.